Ƙuri'un Marina

A shekarar da aka ce kowa zai jefa ƙuri'a a Damagaram, mace da namiji, mai rawani da mai hula, Alkasum marini ya shiga siyasa ba don yana sonta ba. Karofi ne ya kai shi.

Karofin nan, wato wurin da marina ke rini, yana bayan ganuwar Birni, ta gefen hanyar da ke fita kasuwa. Ramuka ne jere a ƙasa, kowanne da mai shi, uku daga ciki na Alkasum ne. Mahaifinsa ne ya haƙa su, ya shafe cikinsu da laso da hannunsa, har yau ba su taɓa yoyo ba. A bakinsu Alkasum ya girma, a cikinsu hannuwansa suka rine har gwiwar hannu, da su kuma yake ciyar da gidansa.

To, sai wani kamfanin sayen gyaɗa ya ƙyalla ido a kan filin. Yana son ya gina mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a wurin, domin manyan motoci na iya tsayawa a bakin hanya su yi lodi. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce shi ba zai sa baki ba, a jira sabuwar majalisar gari da za a zaɓa, ita za ta yanke.

Gari ya rabu biyu. Akwai 'yan Gado, mutanen fada da manyan 'yan kasuwa, masu cewa a bar ragamar gari a hannun waɗanda suka saba riƙe ta. Akwai kuma 'yan Sauyi, malaman lakwal, wato makarantar boko, da akawuna da masu sana'ar hannu, masu cewa lokaci ya yi da talaka zai buɗe baki. A unguwar su Alkasum, 'yan Gado sun tsayar da Alhaji Mai Nasara, wanda shi ne babban dillalin kamfanin gyaɗar. 'Yan Sauyi suka tsayar da malamin lakwal Idirisu, da ake kira Mushe Idirisu irin kiran Faransawa, wanda ya rantse a gaban jama'a cewa in suka samu rinjaye babu mai taɓa karofi. Kowa ya san ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya a sauran unguwanni, duk wanda ya ci wannan kujera shi ke da majalisa.

Abin da ya fi ƙona wa Alkasum rai shi ne sunan. "Wai 'yan Gado!" in ji shi, yana juya muciya a rami. "Gadon wa? Gadon ubana ne za su sayar a zuba buhunan gyaɗa a kai, sannan su ce su ne masu tsare gado?"

Ɗanjuma, mai ramin da ke maƙwabtaka da nasa, ya ce, "A hankali dai, kada ka fasa ramin tun kafin su zo su taya ka."

Wata ranar Alhamis da la'asar Mushe Idirisu ya zo karofi a kan kekensa, ya tara marina a inuwar gawo ya koya musu yadda ake zaɓe. Mutum ne mai haƙuri, ya maimaita musu har sai da kowa ya gane. Za ka shiga, a ba ka ambulan da takardu biyu. Farar takarda ta 'yan Sauyi ce, shuɗiya ta 'yan Gado. Ka shiga bayan labule, ka sa wadda kake so a ambulan, ka fito ka jefa a akwati.

Ɗanjuma ya ce, "Mushe, ni da na shekara talatin ina mai da fari shuɗi, yau kai kuma ka ce in bar shuɗi in ɗauki fari?"

Aka yi dariya. Mushe Idirisu ya ce, "Rana ɗaya ce tak, Malam Ɗanjuma. Litinin ka koma wa shuɗinka."

Alkasum bai yi dariya ba. Ya bi marina ɗaya bayan ɗaya, ya bi mabuga inda ake buga yadi ya yi ƙyalli, ya bi masu kawo musu toka da ruwa, har sai da ya tabbata karofi kaf fari za su jefa. Mutum ɗaya ne bai tunkara ba: Sarkin Marina Sallau, ƙanen mahaifinsa. Tsohon na fada ne, kowa ya sani, kuma Alkasum ba ya son abin da zai sa ya ɗaga wa baffansa murya.

Ana saura mako guda zaɓe, sai ga Sarkin Marina ya zo karofi da jakuna ɗauke da baba, busasshen ganyen nan da ake jiƙawa ya ba da shuni, da ɗaurin fararen yadudduka masu yawa. Ya ce aiki ne babba ya samu. Ayarin Agadas zai tashi ba da jimawa ba, wani attajiri yana son rawuna da zannuwa, ya biya kuɗin baba, kuma ladan ya fi na kullum. Rabon karofi da irin wannan aiki tun kafin atamfa ta cika kasuwa.

Al'adar karofi ce, in aikin gayya ya zo, Sarkin Marina ne ke faɗin ranar da za a haɗa ramuka, kowa ya zuba babansa da ruwan toka a rana guda, domin rinin ya fito launi ɗaya. Sallau ya ce, "Gobe Lahadi za a haɗa."

Aka haɗa. Babu wanda ya tsaya lissafi, don kowa ya san rami yakan ɗauki kamar mako kafin ya nuna, amma babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Wasila ce kawai, matar Alkasum, ta ce da shi yana cin tuwo, "Malam, wane attajiri ne wannan da ba shi da suna?"

"Ina ruwanki da sunansa? Baffa ne ya kawo."

"To. Ni dai na ga tun da ake maganar filin nan Baffa bai taka karofi ba sai yanzu."

Alkasum ya ture kwanon. "Ke, ƙanen ubana ne. Ya jefa shuɗiyarsa, mu jefa fararmu. Amma ba zai cuci karofi ba, a ciki ya tsufa."

Wasila ta ɗauke kwanon ta fita da shi.

Ranar Lahadin zaɓe, da hantsi, ramuka suka nuna gaba ɗaya. Kumfa ta taso a saman ruwan, mai ƙyalli kamar wuyan tattabara, warin nan da marini kaɗai ke jin daɗinsa ya cika wurin. Ramin da ya nuna ba ya jiran kowa. In ka bar shi ya wuce lokacinsa ƙarfinsa ya tafi, baba ya tafi, toka ta tafi, yadin mutane ya fito kamar ruwan wanki. Marina suka tsaya cirko-cirko, wasu da rigunansu na zuwa zaɓe.

Sarkin Marina ya ce, "Ba a rufe akwati sai yamma. Ku tsoma, ku matse, ku shanya, sannan ku tafi. Wa ya hana ku?"

Suka tuɓe riguna suka hau aiki. Tsoma, ɗaga, matse, bar shi ya sha iska, sake tsomawa. Rana ta take, gumi na zuba, ba mai ɗaga kai. Mata da sauran mutanen unguwa suka wuce ta hanya zuwa lakwal inda aka ajiye akwati, suka dawo, su suna nan. Sai da la'asar ta yi sanyi Alkasum ya shanya yadinsa na ƙarshe ya yi kira, "Ku taso! Za a rufe!"

Suka ɗauraye hannu a randa yadda suka saba, sama-sama, domin marini ba ya ɓata lokaci wajen wanke abin da ba ya fita. Suka zura riguna suka nufi lakwal da sauri, wasu har da gudu. Suka samu layi ya kusa ƙarewa. Alkasum ya shiga, ya karɓi ambulan, ya shiga bayan labule, ya ɗauki farar takarda ya ninke ta da kyau da yatsunsa masu gumi, ya sa, ya fito ya jefa. Da ya fito waje sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ga Alhaji Mai Nasara zaune a kan kujera a ƙofar lakwal, yana kallon marina suna shiga suna fita, yana murmushi, har ya ɗaga musu hannu.

"Sannunku da aiki, mutanen karofi!"

Ɗanjuma ya ce a hankali, "Wannan fara'a ta yi yawa ga wanda zai faɗi."

Da aka rufe akwati aka bar ƙofa da tagogi a buɗe don jama'a su ga ƙidaya. Wani Bature, mataimakin kumandan, ya zauna a tsakiyar tebur, tafinta a gefensa, Mushe Idirisu a wannan ɓangare, Alhaji Mai Nasara a wancan. Alkasum ya samu wuri a bakin taga. Ana buɗe ambulan, a ɗaga takarda kowa ya gani, a aje fari a nan, shuɗi a can. Tulin biyu suna tashi kusan kai ɗaya, amma farin na ɗan gaba.

Sai aka ɗaga wata farar takarda, Alhaji Mai Nasara ya ce, "Dakata. A nuna wa Bature wannan."

A tsakiyar takardar akwai shatin babban yatsa, shuɗi, sarai kamar an buga hatimi. Baturen ya juya ta, ya yi magana, tafinta ya ɗaga murya: "Doka ta ce duk ƙuri'ar da ke ɗauke da wata alama wadda za a iya gane mai ita, ta ɓaci. Ba a ƙirga ta."

Aka aje ta gefe. Alhaji ya ce a sake duba fararen da aka riga aka ƙirga. Aka duba. Ga wata. Ga wata kuma, da yatsu huɗu a jere. Ga wata da aka ninke, shunin ya bi layin ninkin. Tuli na uku ya fara tashi a ƙarshen tebur.

Mushe Idirisu ya miƙe, yana magana da Faransanci da sauri, yana nuna taga, yana nuna hannuwan mutanen da ke riƙe da ƙarafan tagar. Baturen ya saurare shi har ya gama, ya buɗe hannuwa, ya ce wani abu gajere. Tafinta ya ce, "Ya ce ya gane ba da gangan ba ne. Amma alama alama ce."

Alkasum ya damƙe ƙarfen taga. Ya yi tsawa ta taga, "To a duba shuɗɗan! Baffa Sallau ma marini ne, shi da yaransa! A duba nasu!"

Alhaji Mai Nasara ya juyo da fara'a. "A duba mana, Malam Alkasum. A duba."

Aka duba. Shuɗi a kan shuɗi, me za a gani? Ko ɗaya ba a cire ba.

Da aka faɗi sakamako, Alhaji Mai Nasara ne ya ci, da tazarar da ba ta kai rabin tulin da ke ƙarshen tebur ba. Makaɗan 'yan Gado, waɗanda ashe suna laɓe a bayan lakwal, suka saki kiɗa. Alkasum ya girgiza ƙarfen taga har ƙasa ta zubo daga bango, jandarma biyu suka matso, Ɗanjuma ya rungume shi ta baya ya ja shi.

A ƙofa suka yi karo da Mushe Idirisu, fuskarsa ta yi toka-toka.

Alkasum ya ce, "Mushe, ka san wannan doka?"

"Na san ta, Malam Alkasum."

"Ka san ta. Ka zauna a karofi, ka sha ruwanmu, ka gaisa da mu hannu da hannu, ka koma gida ka wanke tafinka da sabulu. Ka koya mana labule, ka koya mana ambulan. Kalma ɗaya, Mushe! Ku wanke hannu da ƙasa da tsamiya, ku riƙe takarda da bakin riga. Kalma ɗaya!"

"Wallahi bai zo mini a rai ba. Za mu rubuta ƙara zuwa Yamai, za mu..."

"Rubuta. Kafin amsarka ta dawo gyaɗa ta tsiro a kan ramin ubana."

Washegari da sassafe Alkasum ya tafi gidan Sarkin Marina. Wasila ta biyo shi har zaure tana cewa, "Malam, don Allah, tsoho ne. Kome ya yi, ka tuna a hannunsa aka ɗaura mana aure." Bai waiwayo ba.

Ya samu Sallau zaune a kan buzu yana shan koko. Bai durƙusa ba, bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro.

"Baffa, wane ne attajirin?"

Tsohon ya aje ludayi. "Ba gaisuwa, Alkasum?"

"Wane ne mai yadin?"

"Ka riga ka sani, me ya sa kake tambaya?"

"Ina son in ji daga bakinka. Wa ya zaɓi ranar haɗa rami? Alhaji bai san kwana nawa baba ke yi kafin ya nuna ba. Alhaji bai san marini ba ya barin ramin da ya nuna ba. Wanda ya san wannan, a karofi ya tsufa."

Sallau ya ture kokonsa gefe. Sannan ya ce, "Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ka ji. Karofin nan ya mutu tun kafin a zo maganar zaɓe. Ka shiga kasuwa ka ga abin da mata ke ɗaurawa. Atamfa. Mai son rini kuma ya sayi galura a gwangwani ya rina a tukunya a bayan ɗakinsa, kafin azahar ya gama abin da mu muke mako muna jira. Yaranka nawa ke son sana'ar? Alhaji ya yi alkawari duk marinin da ke so za a ɗauke shi aiki a mangaza, awo da ɗinkin buhu. Abinci ne tabbatacce. Da malamin lakwal ya ci, me zai ba ku? Ramuka da yunwa."

"Da sai ka tara mu ka faɗa mana haka, Baffa. Ka tsaya a inuwar gawo ka ce ga ra'ayina, mu ji, mu yarda ko mu ƙi. Kai kuwa sai ka bi ta hannunmu. Ka sa muka kashe kanmu da aikinmu, muna murna, muna yi maka godiya!"

"Da na faɗa ba za ku ji ba."

"Shi ya sa ake zaɓe! Don wanda ba ya so ya ce ba ya so!"

Muryarsa ta fito har waje, matan gidan suka leƙo ta ƙofar tsakar gida. Sallau ya ce, "Ni ƙanen ubanka ne, kada ka manta."

Alkasum ya ce, "Ban manta ba. Da wani ne, da ba da baki na zo ba." Ya juya ya fita.

Sabuwar majalisa ta zauna, kuma maganar karofi ce ta farko da ta yanke. Ƙarar da Mushe Idirisu ya aika ba a ji ɗuriyarta ba. Aka ba marina zuwa bayan Salla su kwashe kayansu. Wasu suka karɓi aikin mangaza, Alkasum bai zage su ba, amma ya daina gaishe su na wani lokaci. Ɗanjuma ya ce shi ya tsufa da ɗinkin buhu, zai koma sayar da goro a bakin masallaci, in ya so ya ci rabi ya sayar da rabi.

Ranar da aka zo cike ramuka, motar kamfani ta juye jar ƙasa a bakin hanya, leburori suka fara ɗiba da kwanduna. Alkasum yana tsaye a kan ramukansa uku tun da asuba. Ya riga ya kwashe katakai da muciya da randa ya kai gida. Da leburan farko ya iso da kwando a ka, wani mutumin ƙauye ne wanda bai san komai a kan maganar ba, Alkasum ya tare shi.

"Sauke nan."

"Malam, an ce in zuba a ciki."

"Na ce sauke. Ba da kai nake faɗa ba, ɗan'uwa. Je ka cike na wasu."

Shugaban leburorin ya taho yana faɗa, yana cewa zai kira jandarma. Alkasum ya ce, "Kira su. Ramin zai cika kafin azahar, ba abin da kuke so ke nan ba? Amma ba wanda zai zuba ƙasa a ciki sai ni."

Mutumin ya dube shi, ya dubi idanunsa, ya ja mutanensa suka koma can gefe.

Alkasum ya ɗauki kwandon ya juye a ramin farko. Ƙasar ta faɗa cikin sauran ruwan da ke ƙasa da wata irin ƙara, ruwan ya fantsamo masa a ƙafa. Ya koma bakin hanya ya ciko wani. Yana tafiya yana dawowa, ba ya hutawa, haƙoransa a cije. Mutanen da ke wucewa kasuwa suka riƙa tsayawa suna kallo, babu wanda ya ce masa sannu, don sun ga ba ranar sannu ba ce.

Can da rana ta ɗaga sai ga Wasila da ƙwaryar fura. Ta aje a inuwa, ta tsaya tana kallonsa har ya juye kwando biyu. Sannan ta ce, "Malam, ka sha ko kaɗan."

"Sai na gama."

"Yayana Habu ya aiko daga ƙauyen Gaffati. Ya ce akwai fili a bayan gonarsa, ƙasar mai ƙarfi ce, ruwa ma bai yi nisa ba. Ya ce matan ƙauye har yanzu baƙin zane suke so."

Alkasum ya tsaya da kwando a hannu, ƙirjinsa na hawa da sauka. "A shekaruna zan fara haƙa rami?"

"Ni dai saƙo na kawo."

Ya dubi ramin na uku, wanda ya rage, ya dubi tulin jar ƙasa. Ya ce, "Ki aika masa ya bar filin, kada ya shuka komai a wurin. Amma ki gaya masa ba tashi na yi daga Damagaram ba. Sunana na nan a unguwar nan, kuma duk ranar da aka sake aje akwati a lakwal ɗin can, da ƙafata zan zo."

Ya ɗora kwandon a ka ya nufi bakin hanya.